Daga Cibiya Zuwa Baki

Shagon Eulogia na kan tudu a Valparaíso,
inda matakala ɗari da sha huɗu ke cin gwiwar tsofaffi.
Ni ke sharewa, ni ke buɗe tagar da ke duban teku,
gishiri ya shigo ba sallama,
ya zauna kan kwalayen fayafayai, ba ranar tashi.

Ran da na fara aiki ta make min hannu.
Na ɗauki faifai ina shafa shi zagaye, kamar mai wanke kwano.
Ta ce, "Daga cibiya zuwa baki, yaro, a miƙe.
Sauti a zagaye yake tafiya.
In ka bi shi kan hanyarsa da tsumma, kai ne ajalinsa.
Tsallaka masa kawai, ka wuce."

Ruwan ɗumi, ɗigon sabulu, ƙyalle mai laushin kunnen kyanwa.
Rabin majinyatan nan wanka kaɗai suke so:
sawun yatsa, maiƙon soyayyen kifi, busasshen kofi.
Wasu su zo suna ƙamshin na'ana'a,
masu su sun dirje su da man goge baki
don wani ya ce wani ya ce.
Eulogia ta shinshina, ta yi tsaki, ta karɓa.

Mai zurfin rauni sai injin, da farin ruwan gogewa.
A nan na koyi abin da ban so ba:
karce ba ya cikuwa.
Lafiyayyen wurin da ke kewaye da shi ake ci,
a rage, a ƙara ragewa,
har tudu ya sauko ya tarar da kwari.
Faifan ya fito sumul, ya kuma fito da rama.

In ta bayan ne, wajen rubutu, ɗaga shi ga fitila.
Haske ya ɓullo kamar tsinin allura?
Mayar wa mai shi, ka haɗa da haƙuri.

Wata Laraba Baldomero ya hawo, yana haki,
tsohon mai tuƙa ƙugiyar lodi a tashar jiragen ruwa.
Daga aljihun ƙirji ya zaro shi, naɗe cikin hankici.
Wasiƙar murya ce, ƙanwarsa Ermelinda ta aiko daga Malmö
shekara guda kafin a binne ta a can.
Aka saka. Tari, ƙarar kujera, gaisuwa,
sai ta ce, "Ka zo,"
ka zo, ka zo, ka zo, ka zo,
muryar na tuntuɓe a rami ɗaya.
Shekara tara ke nan, in ji shi, tana kiransa haka.
Bai je ba. Kuɗin jirgi, aiki, gobe, jibi.

Eulogia ba ta ce uffan ba. Sau uku ta kai shi injin.
Ni na wanke, hannuna na rawa,
cibiya zuwa baki, cibiya zuwa baki.
Bakan gizo ya dawo fuskarsa. Ta danna.

"Ka zo," in ji Ermelinda, ta tsallake ramin,
"ka zo min da garin barkonon gida mai hayaƙi,
na nan ƙasar ba ya ko sa atishawa.
Kuma tukunyar Mama da ka ɗauke, ban manta ba, ɓarawo."

Tsohon ya yi dariya har ya dafa kanta,
dariyar ta gangara, ta koma wani abin.
Na juya ina jera kwalayen da na riga na jera.

Da zai fita ta ce, "Kwafe shi yau, kar ka kwana.
Ba sauran naman da zan ƙara ci a jikinsa."
Ya biya da tsaba, ya mayar da hankici ƙirji.
Na ji takunsa yana sauka, ina ƙirgawa,
har talatin da wani abu, sannan jirgi ya yi kuka.